Kalmasar Rigar Baba

SHAFI NA 23

Na ga saƙonninku. Wadda ta ce in Khairiyya ta ƙara yin kuka za ta daina karantawa, 'yar'uwa sai dai ki yi haƙuri, ni ma sau biyu ina ajiye wayar kafin na ƙarasa rubuta wannan shafin. Masu cewa na cika jan rai kuma, yau babu jan rai.

Ga waɗanda suka tarar da mu a hanya. Hure da mijinta Abdulbaƙi sun zo aikin hajji shekara ashirin da huɗu da suka wuce, ba su koma ba. A Makka suka haifi Sabi'u da Khairiyya, kuma duk gidan babu mai iƙama, wato takardar zama. Shekara uku ke nan Abdulbaƙi ya fita aikin shara a Arfa bai dawo ba, Hure ta gaya wa 'ya'yan cewa kama shi aka yi aka mayar da shi Najeriya. Tun ranar ko waya bai yi ba. Sabi'u ya gaji da jira, ya je ya miƙa kansa ga jawazat, jami'an shige da fice, don a yi masa tarhil, wato a mayar da shi Najeriya, ya je ya nemo uban. Ya rantsar da ƙanwarsa kada ta faɗa. Abin da Hure ta sani shi ne ɗanta yana aikin gona a Ɗa'if, inda waya ba ta shiga sosai.

*

Ɗinkin nan Khairiyya ta tsiro da shi ne don ta samu abin da zai raba ta da duba waya. Kwana ashirin da shida da tafiyar Sabi'u, ko saƙo ɗaya bai shigo ba. In ta zauna hannu biyu sai ta ji kamar bakinta zai suɓuce ta faɗa wa uwar komai.

Manar, 'yar masu gidan da suke haya a unguwar Kudai, ita ta ara mata wani ƙaramin keken ɗinki da ke jibge a sito. Khairiyya ta je shagon Abu Khamsa na kusa da tashar bas ta sayo fanila biyu, irin rigunan nan masu gajeren hannu da ake sayarwa riyal biyar, ta jingina waya a jikin keken tana kallon yadda wasu mata suke mayar da su riga ta gani ta faɗa. Ta farko ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkace, ranar ta koma tsumman goge kicin. Ta biyu kuwa Allah ya taimake ta. Ta matse ƙugun, ta zura roba a hannu, ta yanki bakin wani tsohon ɗankwali ta zagaye wuyan da shi. Manar ta gwada ta ƙi cirewa, ta haye sama da abarta tana cewa wallah hilwa, wato ta yi kyau.

To kun san halin sabon ɗan koyo. Riga ɗaya ta yi kyau, shi ke nan duk wani ƙyalle da ke gidan ya shiga uku.

Ranar Talata bayan azahar idonta ya faɗa kan rigar Baba, shanye a igiya bayan ɗaki.

Fanila ce shuɗiya, ita ma 'yar Abu Khamsa, ta koɗe har ta koma ruwan toka. Ita ce kaɗai abin da Hure ta riƙe daga kayan mijinta. Ba ta taka ƙofar gida sai da ita a ƙarƙashin abaya, ko da burodi za ta sayo a baƙala, shagon unguwa. Ta yi mata yawa, tana sauko mata har gwiwa, wuyan ya saki. Khairiyya ta sha yi mata tsiya a kai, uwar sai ta ce ta fi sha mata gumi. Ranar ta wanke ta ne don ba fita za ta yi ba, sama kawai ta hau taya Hajiya Hadijatu, uwar Manar, girkin baƙi.

Niyyar Khairiyya mai kyau ce, wannan ni shaida ce. So take ta rage mata faɗin, ta ɗage tsawon, ta gyara wuyan, uwar ta sauko ta tarar da riga daidai jikinta. Tun da ta fara ɓoye mata zancen Sabi'u take neman duk wata hanya da za ta faranta mata, don nauyin ya ragu a ƙirjinta.

Ta shimfiɗa rigar a ƙasa ta juya ta bai-bai. Ba ta da allin tela, da guntun sabulu ta ja layi a gefe da gefe. Ta yi bismilla ta sa almakashi daga ƙasan gefen hagu, daidai kalmasar.

Almakashin ya cije wani abu.

Da ta tsaya ta duba, da ta ga wurin ba ɗinkin keke ba ne, ɗinkin hannu ne da baƙin zare, irin ɗaurin da uwarta take yi. Amma hankalinta yana kan layin sabulu. Ta ɗauka kaurin kalmasa ne, ta haɗa hannu biyu ta danne.

Abin ya rabu biyu, rabi ya faɗo kan cinyarta.

Wata siririyar takarda ce a naɗe cikin leda, an manne bakin ledar da wuta don kada ruwa ya shiga. Gabanta ya faɗi, ta zaci laya ta yanka, har ta fara istigfari. Sai ta ga lambobi. Ta zaro ɗaya rabin daga cikin kalmasar, ta warware su, ta haɗa bakinsu a kan gwiwarta. Rubutun Larabci ne da shuɗin biro, shi kuwa Larabci ta fi iya karanta shi a kan Hausa.

Abdulbaƙi.
Maƙabartar Sharayi.
Sashe na 14, kabari na 306.
Goma ga Zulhajji.

A ƙasa ga shekarar, ita ce dai shekarar da ya fita Arfa.

Sau uku tana karantawa. Ta fara lissafa Abdulbaƙin da ta sani a Makka, ko akwai wani da ya rasu, ko wani ɗan garinsu. Babu kowa. Basa-basan tasha suna ta wucewa suna girgiza tagar ɗakin, matar cikin wayar tana ta bayanin yadda ake kalmashe hannun riga. Khairiyya ta miƙa hannu ta kashe ta.

A haka Hure ta turo ƙofa da sallama, riƙe da faranti an rufe da wani, tana cewa Hajiya ta ce a kawo mata nata tun da zafi. Maganar ba ta ƙarasa ba. Idonta ya sauka kan rigar a ƙasa, gefenta a tsage, ya koma kan gwiwar 'yarta.

Ba ta saki farantin ba. A hankali ta ajiye shi a kan firji.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Ummi, kabarin wane ne wannan?"

"Ba ni."

"Kabarin wane ne?"

"Na ce ki ba ni, ya binti. Ba naki ba ne."

Khairiyya ta dunƙule takardar a hannunta ta kai bayanta. Tun da take ba ta taɓa hana uwarta abu ba, sai ranar.

"Kin ce tarhil aka yi masa. Kin ce Hassan abokin aikinsa ya ga an sa shi a mota."

"An sa shi a mota," in ji Hure, muryarta can ƙasa. "Ban ce miki wace mota ba."

Ta zame jikin bango ta zauna, ta jawo rigar ta ɗora a cinyarta tana haɗa bakin tsagar da yatsu, kamar in ta riƙe sosai zai koma ya manne. Khairiyya tana kallonta tana jira ta ce ƙarya ne. Ba ta ce ba.

Da Hure ta fara magana, ba 'yar take kallo ba, rigar take kallo.

Ta ce ranar Arfa an yi rana irin wadda ba ta taɓa gani ba. Babansu ya wuni yana kwashe shara, da aka taso Muzdalifa bai samu mota ba, ya biyo ƙafa. A hanya ya faɗi. Hassan, abokin aikinsa, yana tare da shi har motar asibiti ta ɗauke shi, amma bai shiga motar ba, don shi ma ba takarda. Washegari da safe ya zo ya tsaya a bakin ƙofar nan ya kira ta waje. Su Sabi'u suna barci.

Ta ce ta je asibitin. Ta lallaɓa cikin masu neman 'yan'uwansu har aka nuna musu gawarwakin da ba a san masu su ba. Shi ne na huɗu.

"Na gan shi, Khairiyya. Fuskarsa lafiya lau, kamar ya gaji ya kwanta."

"Sai me?"

"Sai ma'aikacin ya ga na tsaya. Ya ce, Hajja, kin san shi? In kin san shi kawo iƙamarki mu rubuta."

Khairiyya ta runtse ido.

"Me kika ce?"

"Shekara ashirin da shida muna tare."

"Ummi, me kika ce masa?"

"Na ce ma a'rifu." "Na ce ban san shi ba. Na wuce na gaba na tsaya a kansa shi ma, don kada ya gane."

Jama'a, ni a nan na ajiye wayar karo na farko.

Sauran labarin gajere ne. An yi masa salla a Harami bayan la'asar tare da sauran mamata, ita tana can baya cikin mata, ba ta ma san wace makara ce tasa ba. Hassan ne ya bi su har Sharayi a matsayin mai neman lada, ya sa hannu aka binne, ya haddace lambar kabarin ya rubuto mata. Shekarar da ta biyo baya aka kama shi aka mayar da shi gida. Tun daga nan duk Makka babu wanda ya san inda Abdulbaƙi yake kwance sai wannan takardar, ita kuwa Hure ba ta iya karatu ba.

"Shi ya sa na ɗinke ta a nan," ta ce tana shafa kalmasar. "Ranar da aka kama mutum, jaka takan ɓata, waya takan ɓata. Rigar jikinka ce kaɗai ka tabbata za ta bi ka har jirgi. Na ce ko ina aka kai ni, in tafi da lambarsa."

Sai yanzu abubuwa suka riƙa dawo wa Khairiyya ɗaya bayan ɗaya. Bayan hajjin nan uwarta ta kwanta ciwon ƙafa, ta daina fita, ta daina sa kwalli, ta kwashe turarenta ta bai wa Manar wai yana sa ta ciwon kai. Sabi'u ya yi ta yawon neman man zafi. Ita kuma ta yi ta gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi, ƙafar da ko kumburi babu.

"Ciwon ƙafar nan naki. Wata nawa ya yi?"

Hure ta ci gaba da haɗa bakin tsagar.

"Wata huɗu da kwana goma," Khairiyya ta ba kanta amsa. "Takaba kika yi a gabanmu, ina gasa miki ƙafa."

"Na yi."

"Haram alaiki, Ummi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Hure ta sunkuyar da kai.

Khairiyya ta ce shekara uku duk sujadar da ta yi Allah ya dawo da shi take cewa, sau ɗaya ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba. Ta ce akwai ranakun da ta tsane shi. Ta kwanta tana raya cewa ya je gida ya yi sabon aure ya manta da su, har ta goge hotonsa daga wayarta ranar salla, daga baya ta roƙi Sabi'u ya sake turo mata. Mutumin da ya faɗi a hanya da jakar shara a hannunsa, shi ta riƙa zagi a zuciyarta.

"Wannan zunubin nawa ne ko naki?"

"Nawa ne. Duk nawa ne, na ɗauka."

"To don me?"

Hure ta ɗago. Idanunta sun yi ja amma babu hawaye.

"Don yayanki."

Haka take kiransa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Kin san halinsa. Da na ce babanku yana kwance a asibiti ba mai shi, kina ganin zai zauna? Da gudu zai je ya ce ubana ne. Su ce ina iƙama. A ranar za a ɗauki hoton yatsunsa a sa shi a jirgi, zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, bai san kowa ba. Wanda aka ɗauki yatsunsa kuwa kin sani, sai dai wata shekarar mai nisa, in ma an bar shi ya dawo. Na rasa ɗaya da safe, na ce ba zan rasa biyu kafin yamma ba."



"Na so in faɗa muku bayan sati ɗaya," Hure ta ci gaba. "Sati ya zama wata. Daga baya na rasa ta inda zan fara. Amma ko yau aka mayar da ni gaban ma'aikacin nan, abin da na faɗa zan sake faɗa. Allah ya yafe min. Ga shi dai yaron yana Ɗa'if yana neman na kansa, lafiyarsa ƙalau. Shi ne abin da na tsira da shi."

Ban san yadda zan kwatanta muku halin da Khairiyya ta shiga ba. Fushin da take ji ya tafi gaba ɗaya, tsoro ya maye gurbinsa. Ta tuna ranar da Sabi'u zai tafi, a bakin tasha, yana ce mata in Baba ba shi da lafiya ne wa zai duba shi, in kuma guje musu ya yi to ya faɗa masa ido da ido. Ita ce ma ta ninke masa kaya. Ita ce ta ƙirƙiro gonar Ɗa'if, don ta ji Manar ta ce can kan duwatsu waya ba ta kamawa.



Hure ta matso ta kama hannunta, ta ɓamɓare yatsun a hankali, ta karɓi gutsuren takardar biyu. Ta tambaya ko almakashin ya ci lambar. Khairiyya ta girgiza kai, ta ce tsakanin sunan da maƙabartar ya bi. Hure ta ce alhamdulillahi, ta ce a samo leda a sake naɗewa, rigar kuma ko a tsage za ta sa abarta.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki gaya masa a waya. Bari ya dawo, ni zan zaunar da shi in faɗa masa da bakina, in ya so ya yi min duk abin da zai yi."

"Ummi..."

"Shi namiji ne, za a bar shi ya shiga maƙabarta. Ki kwafe masa lambar da rubutunki mai kyau. Shekara uku babu nasa ko ɗaya da ya tsaya a kan kabarin nan ya yi masa sallama. Yaushe ya ce miki zai zo? Ya ce ƙarshen wata ko?"

Wayar da ke jingine jikin keken ɗinki ta fara ruri.

Dukansu suka juya. Baƙuwar lamba ce, doguwa. Hure ba ta iya karatu ba, amma duk wanda ya zauna a Makka ba takarda ya san lambar da ta fara da biyu, uku, huɗu.

"Lambar gida ce," ta ce. "Wa yake kiranki daga gida?"

"Kuskure ne. Bar shi."

"Ba wanda ya san lambarki a can."

Khairiyya ta kai hannu, amma uwar ta fi ta kusa. Ta ɗauka ta danna kore, kamar yadda 'yar ta koya mata. Sautin yana nan a ƙure tun na bayanin ɗinki.

Aka ji ƙarar babura, da wani yana tallan rake. Sannan murya ta fito, a gajiye, tana haɗa Hausa da Larabci.

"Khairiyya? Ni ne. Na aro wayar wani ne, ba zan daɗe ba. Alhamdulillah sun sako mu, tun shekaranjiya na iso Kazaure. Na samu ƙauyen, har gidan su Baba an nuna min. Amma wallahi sun ce rabonsu da shi shekara ashirin da huɗu, ba wanda ya gan shi. Ki lallaɓa ki tambayi Ummi, kada ki bari ta gane. Wane gari ya ce mata zai sauka?"

Hure ta dubi wayar. Ta dubi 'yarta, wadda ta toshe bakinta da hannu biyu. Gutsuren takardar suka zame daga hannunta suka faɗa kan rigar.

"Sabi'u," ta ce.

Bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

"Ummi? Ke ce?" Ya ja numfashi. "To tunda kin ji, shi ke nan. Ki yafe min. Ki faɗa min kawai, ina Baba yake?"